Rubutuna ya manne da hoto a GIMP, ya ƙi gyaruwa

Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min, kaina ya ɗaure. Sati biyu ke nan da na sauke GIMP, manhajar gyaran hoto, a kwamfutar ofishinmu don an ce min kyauta ce, kuma ni aka ɗora wa haɗa sanarwar taron iyaye da malamai. Na sa hoton ginin makaranta, na yi rubutu a kai, ya yi kyau abinsa, na tura. Yau da safe shugabarmu ta ce an ɗaga taron daga Asabar zuwa Lahadi. Na buɗe hoton zan canza kalma ɗaya tak, rubutun ya ƙi taɓuwa. Na ɗauko abin gogewa, ya goge Asabar ɗin har da tagar ajin da ke bayanta, ya bar min farin tabo. Sai na sake komai daga farko ke nan?

Nura: Wa alaikumus salam. Kafin komai, duba ƙarshen sunan fayil ɗin da kika buɗe. .jpg ne ko .xcf?

Ummi: .jpg ne Yaya Nura. Da akwai wani .xcf ɗin, amma na goge shi jiya. Na tura shi waya ya ƙi buɗuwa, sai na ɗauka shara ce.

Sadik: Innalillahi 😂 Kin kori uwar kin rungume hotonta.

Nura: Sadik bar ta ta ji da abu ɗaya. Ummi, leƙa kwandon sharar kwamfutar. In ba a zubar ba yana nan, ki dawo da shi.

Ummi: Alhamdu lillahi yana nan! Na buɗe. Amma wallahi ban ga bambanci ba, hoton dai shi ne.

Malam Habu: A ido shi ne, a ciki ba shi ba ne. Danna Ctrl+L, 'yata. Wani jeri zai fito a gefen dama. Gaya mana abin da kika gani a ciki.

Ummi: Abu biyar ne a jere. Na ƙasa ƙaramin hoton makarantar ne. Huɗun sama kowanne da alamar harafi a gefensa, ɗaya ma an rubuta "Ranar Asabar".

Malam Habu: To waɗannan su ne leyoyi. Ki ɗauka gilasai biyar kika ɗora a kan juna a teburi. Na ƙasa an liƙa masa hoton makaranta ya cika shi. Na samansa ba komai a jikinsa sai kalmomi biyu, sauran duk garai-garai ne, ana hango na ƙasa ta cikinsa. Ke da kike kallo daga sama kina ganin abu ɗaya, alhali kowane gilashi za ki iya zare shi, ki goge, ki mayar, ba tare da kin taɓa ɗan'uwansa ba. Fayil ɗin .xcf yana ajiye gilasan ne a rarrabe. Shi kuwa .jpg kamar kin tsaya a sama ne kin ɗauki hoton tarin da kyamara. A cikin hoton babu gilashi, babu kalma, sai ɗige-ɗigen launi. Shi ya sa da kika goge Asabar ba ki tarar da taga a bayanta ba. Babu baya. Tun ranar da kika fitar da shi harafin ya cinye gurbin tagar.

Gwada wannan ki gani da idonki: kowace leya akwai ɗan ido a gefenta. Danna idon ta Asabar.

Ummi: Kai! Ta ɓace, ga tagata nan lafiya lau. Na sake dannawa ta dawo. Malam Allah ya saka da alheri. Ni da na ji ana ta cewa leya leya, laya nake ji.

Sadik: Ai kusan layar ce, tana tsare aiki daga asara.

Anti Bilki: Ummi kar ki ji komai, kusan kowa sai da wannan ya cije shi. A GIMP adanawa daban, fitarwa daban. Ctrl+S ba ya ba ki komai sai .xcf. In kina son .jpg ko .png na turawa mutane, Ctrl+Shift+E za ki danna. Tun sigar 2.8 ta 2012 suka raba su haka, kuma lokacin mutane sun yi ta ƙorafi, har da ni. Yanzu na gane gata aka yi mana. Kowane aiki fayil biyu: uwa a ajiye, 'ya a tura.

Ummi: To yanzu wata sabuwa. Na canza zuwa Lahadi, ya yi. Amma ina son in ɗan sauko da rubutun ƙasa, na ɗauko alamar matsarwa mai kibiya huɗu, ina ja sai ginin makarantar gaba ɗaya ya biyo ni, rubutun yana tsaye. Gefe ya zama wasu ƙananan murabba'ai masu ruwan toka kamar allon dara.

Nura: Ctrl+Z tukuna, ya koma yadda yake. Allon darar nan ba ɓaci ba ne, haka GIMP ke nuna wurin da babu komai. Abin da ya faru, kayan matsarwar yana ɗaukar duk abin da ke ƙarƙashin tsinin maus daidai. Kin danna ne a tsakanin haruffa, inda gilashin yake fayau, sai ya zarce ya kamo na ƙasa. Ko dai ki saita tsinin a jikin harafin kansa, ko ki zaɓi leyar a jeri, ki riƙe Shift sannan ki ja.

Anti Bilki: Ni ban yarda da wahalar saita tsini a jikin siririn harafi ba. A zaɓuɓɓukan kayan matsarwar, gefen hagu, akwai zaɓi biyu. Sa shi a kan na biyu, wanda ke matsar da leyar da kika zaɓa kaɗai, ki huta. Sannan ki kulle hoton bangon. Akwai alamar kulle matsayi, in kin danna ta ko da gangan kika ja ba zai motsa ba.

Nura: Anti, wannan saitin yana da nasa tarkon fa. Mai koyo zai manta wace leya ce a zaɓe, ya yi ta jan abin da ba shi yake nufi ba.

Anti Bilki: To ai gara ya koyi kallon jerin tun yanzu. Duk wanda ya zo min da "burushi ya ƙi rubutu" ko "na goge bai gogu ba", tambayata ɗaya ce: wace leya ce a haskake? Mafi yawan lokuta nan matsalar take. Ko yana fenti a leyar da wata ta rufe, ko a wadda ya kashe wa ido, ko a wajen iyakarta.

Ummi: Iyaka kuma? Ita ce wannan ɗige-ɗigen rawaya da baƙi da ke zagaye da rubutun? Na ji tsoro ko zai fito a takarda.

Malam Habu: Ita ce, kuma ba ta fitowa. Misalin gilashin da na ba ki yana da gurgunta a nan, gara in gyara da kaina. Gilasan ba girmansu ɗaya ba. Leyar rubutu girmanta daidai da rubutun ne, kamar ɗan ƙyalle. In kika yi zane a kanta ya tsallake layin rawayan, sai ya yanke. In kina son ta cika shafi, a menun leya akwai "Layer to Image Size". Amma kar ki yi wa leyar rubutu haka ba dalili, kuma kar ki yi fenti a kanta sam. Buɗe sabuwa da Ctrl+Shift+N ki yi zanenki a can.

Ummi: Malam ina jin na riga na yi ɓarna. Babban kan rubutun, jiya na ja shi da abin ƙara girma don ya cika faɗin shafin. Yanzu na danna shi zan gyara, wani akwati ya fito da Turanci yana cewa an sauya leyar da wasu kayan aiki, in na ci gaba sauye-sauyen za su tafi. Na tsorata na rufe.

Malam Habu: Ba ɓarna ba ce mai yawa. Ga abin da ke ciki. Muddin ba ki taɓa leyar rubutu da komai ba sai kayan rubutu, GIMP tana riƙe da ita a matsayin kalmomi: ta san wannan T ne, wannan a ne, salo kaza, girma kaza. Kin ce ta ƙara girma, sai ta sake zana haruffan tas daga tushe. Amma da kika ja ta da abin miƙewa, ɗigogin da aka riga aka zana kika miƙe, kamar mai jan roba. Matso da hoton sosai ki dubi gefen haruffan, za ki ga sun yi dishi-dishi, ba kaifi. Akwatin yana gaya miki ne cewa ba ta manta kalmomin ba, amma in za ki koma gare su, miƙewar za ta tafi. Danna "Edit". Rubutun zai koma ƙaraminsa na asali, sai ki ƙara lambar girman a cikin kayan rubutu.

Ummi: Na yi, ya koma ƙarami. Amma ina canza lambar a ɗan akwatin da ke yawo a saman rubutun, ko gezau.

Sadik: Wannan ɗan akwatin sai kin haskaka kalmomin yake aiki. Danna cikin rubutun, Ctrl+A, sannan ki canza. Na gefen hagu shi ne na leyar gaba ɗaya. Na saman an yi shi ne don in kina son kalma ɗaya ta yi ja ko ta fi saura kauri.

Amma tsakani da Allah, me ya sa kuke wahalar da baiwar Allah? Ummi buɗe Photopea a burauza. Ba saukewa, ba komai, fuskarsa irin ta Photoshop, har .xcf ɗin naki yana buɗewa. Inuwa da zagayen harafi duk dannawa biyu ne.

Nura: Ga shi nan ya fara. Sadik, ita da ta fara gane inda jerin leyoyi yake yau, za ka sake kai ta wani gida ta fara neman ƙofa?

Sadik: Leya ai leya ce ko'ina. Abin da Malam ya koya mata zai yi mata aiki a can.

Malam Habu: Wannan gaskiya ne, kuma ban ƙi Photopea ba. Sai dai kyautarsu ba iri ɗaya ba ce. Shi da talla yake tafiya a gefen allo, kuma sai da intanet za ka buɗo shi. GIMP tana zaune a kwamfutarka, lambobin da aka gina ta da su a buɗe suke ga kowa. Ɗalibai biyu ne suka faro ta a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1995, Spencer Kimball da Peter Mattis, har sunan .xcf ɗin ma daga sunan wata ƙungiyar ɗaliban kwamfuta ta jami'ar aka ciro shi. Shekara talatin tana nan. Ni fayil ɗin da zan nema bayan shekara biyar na fi son ya zauna inda ba sai na jira wani shafi ya buɗe ba.

Anti Bilki: In dai gaskiya za a bi, aikin da rubutu ya fi hoto yawa ba na GIMP ba ne ba na Photopea ba, na manhajar zane ta Inkscape ne. Can harafi layi ne, ko girman bango ka ja shi ba ya dushewa. Amma sanarwa mai hoto ɗaya da layi huɗu, ta zauna inda take.

Ummi: Ni dai ku bar ni a nan tukuna, kaina bai gama ɗauka ba 😅 Ga wata tambayar. Na rubuta "Ƙarfe goma na safe, a ɗakin taro". Ƙ ɗin da ɗ ɗin sun fito sirara, wani iri, kamar baƙi a cikin sauran. Da farko ma k da d na sa kawai, shugabarmu ta ce a gyara.

Malam Habu: Ta yi daidai. Wanda ya rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa" ya faɗi wata magana daban. Matsalar daga salon rubutun da kika zaɓa take. Wanda ya zana shi bai zana haruffa masu lanƙwasa ba, sai GIMP ta je ta aro su daga wani salon ta cusa. Shi ya sa suka yi kamar aro, don aron ne. Yawancin salon ƙwalisa da ake saukewa haka suke. Nemi Noto Sans, ko DejaVu Sans, ko Andika, ko Charis SIL. Duk kyauta ne, kuma suna da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ manya da ƙanana. Al'adata kafin in ɗauki kowane salo, sai na rubuta "Ɓarawo ya ɗauki ƙaho" da shi na duba. In ukun nan sun zauna daidai da 'yan'uwansu, sai in ci gaba.

Nura: In kuma kibod ɗinki ba shi da su, a cikin rubutun danna Ctrl+Shift+U, za ki ga u mai layi a ƙasa, ki rubuta lambar harafin ki danna Enter. ƙ 0199, Ƙ 0198, ɗ 0257, Ɗ 018A, ɓ 0253, Ɓ 0181.

Sadik: Ko ki rubuta a waya ki kwafo ki liƙa. Wa zai haddace wannan?

Nura: Wanda ya rubuta a takarda ya manna a gefen allo.

Ummi: Noto Sans ya yi, sun zauna cif. Saura abu ɗaya. Rubutun fari ne, inda ya hau kan sararin sama ba ya karantuwa sosai. Ina son baƙin layi ya zagaye haruffan.

Anti Bilki: Danna dama a kan leyar rubutun, zaɓi "Alpha to Selection", za ki ga ɗige-ɗige masu tafiya kamar tururuwa sun zagaye haruffan. Je menun zaɓi ki danna "Grow", ki ba shi fiksel 3 ko 4. Buɗe sabuwar leya, ki cika zaɓin da baƙi, ki ja ta ƙarƙashin leyar rubutun. Kar ki manta ki sallami tururuwan da Ctrl+Shift+A, in ba haka ba duk abin da za ki yi nan gaba a cikinsu kaɗai zai tsaya, ki dawo kina cewa manhaja ta lalace.

Sadik: Anti wannan hanyar ta tsufa. A kayan rubutun akwai wurin salo, ta zaɓi mai zagaye da cikawa, shi ke nan.

Anti Bilki: Ni ban ga wannan a tawa ba.

Nura: Ku biyun duk kuna da gaskiya, siga ce ta raba ku. Anti tana kan 2.10, wadda ta fito a 2018. Abin da Sadik ke faɗa ya zo ne da 3.0 a watan Maris na 2025. Ummi, shiga menun taimako ki danna "About" ki gaya mana lambar.

Ummi: Tawa da 3 ta fara.

Nura: To bi ta Sadik. Kuma ribar ba saurin kaɗai ba ne. Ta hanyar Anti, baƙin zagayen zane ne daban a leya daban. Gobe in aka ce taron ya koma Litinin, za ki canza farin rubutun, baƙar inuwar Lahadi tana nan a bayansa tana leƙe, sai kin goge kin sake. A sabuwar, zagayen yana bin harafin duk inda ya je. Haka ma inuwa: in kin sa ta daga menun tacewa, za ki ga alamar fx a gefen leyar, rubutun yana nan da ransa, kina iya cire inuwar ko ki rage ta daga baya.

Anti Bilki: To lallai an bar ni a tasha. Amma zan faɗi abu ɗaya don kare kaina: wanda ya iya ta hannun ya san abin da ke faruwa a ciki. Da ita ake cusa hoto a cikin haruffa, da ita ake yanke rubutu daga jikin wani abu. Ba a yar da ita ba.

Malam Habu: Ba a yar ba. Sai dai ku kula in kuna musayar fayil, wanda aka adana a 3 da sababbin abubuwan nan ba lallai 2.10 ta buɗe shi ba. Ta taɓa faruwa da ni, na kai aiki wata kwamfutar na tsaya ina kallon saƙon kuskure.

Ni kuma da ni ne, 'yata, ba zan sa zagaye ba ma. Farin rubutu da baƙin layi a kan hoto yakan yi hayaniya. Buɗe leya tsakanin hoton da rubutun, ki zana baƙin murabba'i a bayan kalmomin, ki rage kaurin leyar, wato "Opacity", zuwa wajen 50. Ginin yana nan ana hango shi, rubutun kuma ya samu wurin zama. Gwada duka biyun, ki riƙa kashe ido kina kunnawa, ki ga wanda ya fi kwanta miki.

Jamilu: Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ana kan leya. Na kwafo tambari na liƙa, sai wani abu ya fito a saman jerin wai "Floating Selection", komai ya daskare, ba na iya zaɓar wata leyar.

Nura: Kai kana kan 2.10 ke nan. Abin da ka liƙa yana rataye ne, bai samu gida ba. Danna Ctrl+Shift+N ya zama leyar kansa. Kar ka danna alamar anka, wato ƙugiyar jirgin ruwa, in ka yi haka zai narke a cikin leyar da ke ƙasa, ka koma inda Ummi ta faro da safe. A 3 sun sauya, liƙawa tana ba ka sabuwar leya kai tsaye.

Jamilu: Ya yi. To farin da ke zagaye da tambarin fa? Na goge shi a wani fayil, na fitar, ya dawo fari.

Anti Bilki: A .jpg ka fitar. Shi bai san "babu komai" ba, dole ya cike gurbin da launi. Fitar a .png. In kuma kana gogewa ka ga fari maimakon allon dara, danna dama a leyar ka zaɓi "Add Alpha Channel" tukuna.

Ummi: Na bi shawarar Malam, baƙin murabba'in ya fi kyau nesa ba kusa ba. Na kuma sa wa leyoyin suna: bango, inuwa, kai, rana, lokaci, wuri. Na adana uwar, na fitar da 'yar, na tura. Shugabarmu ta ce ya yi, wai a buga guda ashirin a A4 a manna.

Malam Habu: Tsaya. Dubi can saman tagar GIMP, kusa da sunan fayil, akwai lambobi biyu da alamar sau a tsakani. Nawa ne?

Ummi: 800 x 600.

Malam Habu: Hmm. Wannan na allon waya ne. A4 mai kyau, a ɗigo 300 kowane inci, 2480 x 3508 yake so. In kika buga wannan haka, daga nesa ma za a ga haruffan suna da haƙora. Buɗe sabon shafi, a jerin samfuran akwai A4, ki zaɓe shi. Ki jawo leyoyin rubutun daga tsohon zuwa sabon, ki ƙara musu lamba, za su fito da kaifinsu tunda ba ki kashe su ba. Hoton ginin ne abin dubawa. Asalinsa yana wurinki, ko wanda aka turo ta WhatsApp ne?

Ummi: Ta WhatsApp aka turo min 😭

Sadik: Sun matse shi ke nan. Ce wa mai hoton ya sake turowa a matsayin fayil, ba hoto ba.

Ummi: Mai gadinmu ne ya ɗauka, kuma ya tashi sai gobe. Bari in fita da wayata in ɗauko da kaina kafin rana ta faɗi. Malam, a tsaye zan ɗauka ko a kwance?

Malam Habu: A tsaye, tunda takardar a tsaye take. Ki bar sarari da yawa a sama inda kan rubutun zai zauna.